Mai Liƙa Fasta a Tashar Kabo

A tashar motar Kabo, wani dattijo siriri mai koɗaɗɗiyar hula yana liƙa fastar ɗan takarar shugaban ƙasa, na wata jam'iyyar da ban taɓa jin sunanta ba. Manyan jam'iyyu sun cinye saman bangon. Shi ba shi da tsani, sai ƙasa-ƙasa yake shafa kokon rogonsa. Yadda yake daidaita takarda, ina jin tsohon malamin firamare ne.

Mai shayi ya ce, "Baba, naku ba ya rabon taliya?"

"Ba shi da ita, ɗana. Amma ba ɓarawo ba ne."

Wata akuya ta jiyo ƙamshin kokon, ta zo tana cin fastar. Dattijon yana kallonta, bai kore ta ba. Tun safe ita kaɗai ta matso.