Tafiya Damagaram don Janyo Jirgin Alhaji Habu

Matamaye

Na bar gida ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar Asuba. A tasha direba ya tambaye ni ko lafiya, na ce aboki zan je in taimaka wa. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba. Malamin lise, wato sakandare, mai shekara hamsin kamata zai ji nauyin cewa jirgin wasa ne ya fito da shi.

Ga yadda abin yake. Shekara uku ke nan ina wani wasa na intanet, inda mutane daga ƙasashe dabam-dabam ke tuƙa jiragen sararin samaniya. Aikina a ciki shi ne janyo jiragen da suka mutu. Jiya jirgin Alhaji Habu, ɗan kasuwar Damagaram kuma abokina tun ƙuruciya, ya tsaya cik nesa da kowace tasha. Ƙa'idar wasan ita ce, jirgin da ya yi kwana guda a yashe, kowa na iya yanka shi ya kwashe ƙarfen. Shekara biyu Alhaji ya yi yana haɗa shi. Mu kuwa a Matamaye rezon intanet ya ɗauke mana tun shekaranjiya, don haka da ya kira ni sai tafiya Damagaram ta kama ni.

Kance zuwa Takeita

Ƙarfe shida muka tashi. Bayan Kance jandarmomi suka duba takardunmu, ba su tsare mu ba. A Takeita na sha shayi da burodi, ina tambayar kaina ko wannan zumunci ne ko kuwa wauta. Har muka hau babbar hanya ban yanke ba.

Damagaram

Ƙarfe takwas da kwata na isa shagon Alhaji, kilomita tamanin da 'yan kai daga gida. Ya riga ya jera ordinatar biyu, wato kwamfuta, a kan buhunan shinkafa. Cikin minti arba'in jirgina ya kai wurin nasa, na tarar da wasu baƙin jirage uku suna kewaye, suna jiran wa'adi ya cika da tsakar rana.

Na ɗaura, na ja, bai motsa ba. Da na duba cikinsa sai na gane: Alhaji ya yi masa lodi irin na motar kasuwa, tsohon ƙarfe har bakin ƙofa. Na ce sai an zubar da kayan. Ya ce kakansa ya ratsa hamada da raƙuma bai taɓa yar da ko mangul ɗaya na gishiri ba.

"To Alhaji, ko kaya ko jirgi."

Ya yi ta jan carbi. Can ya ce, "Malam, zubarwa ce ba na yi. Kyauta ina yi. Rubuta wa mutanen nan da faransanci su matso su ɗauka, sun sha jira."

Na rubuta. Suka yi ta tambayar ko tarko ne, kafin su kwashe. Jirgin ya yi sauƙi, ya biyo ni sannu a hankali, ɗaya daga cikin baƙin ma ya raka mu. Saura minti ashirin ƙarfe sha biyu ta yi muka shiga tasha.

Komowa

Hajiya, matar Alhaji, ta aiko mana da dambun zogale, muka ci, na kama motar ƙarfe uku. Kafin Magariba ina Matamaye. Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni lafiya, na gode wa Alhaji da iyalinsa. Ina cire takalmi ya kira ni, wai in faɗa masa gaskiya, buhu nawa jirgin zai iya ɗauka ba tare da ya sake tsayawa ba.