Turbon Tirela a Motar Baba Yohanna

Har gobe ban manta da ranar da Baba Yohanna ya shigo garejina na Kakuri yana jan turbon tirela a cikin buhun shinkafa ba. Da damina ne, 'yan shekarun baya. A lokacin ni kaɗai na rage a layinmu. Abokan sana'ata sun daɗe da kwashe kayansu sun haye gada sun koma arewacin gari, waɗanda na koya wa aiki kuma duk sun koma tuƙa keke mai ƙafa uku. Kullum da safe nakan taho daga Tudun Wada in buɗe rumfa, wata rana har la'asar ban buɗe baki na yi magana da kowa ba.

Baba Yohanna mutumin kudancin Kaduna ne, tsohon direban masaƙa. Shi ke jan tirelar auduga kafin a rufe kamfanin. Da aka zo yanka motocin za a sayar wa 'yan gwangwan, ya roƙa aka bar masa turbon tasa. Matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai can wajen Rido, sai wata ƙaramar mota mai shan fetur da na daɗe ina lallaɓa masa.

Ya ce, "Malam Garba, wannan nake so ka ɗaura mini."

Na leƙa buhu, na dubi motar, dariya ta ƙwace mini. Na ce, "Baba, ai sai dai mu ɗaura motar a jikin turbon."

Ga ku sababbin shiga sana'ar kanikanci, turbo farfela biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ke fitarwa yana juya ta farko, ta biyun kuma ta cusa wa inji iska. Injin tirela mai shan gas hayaƙinsa ya isa ya juya wannan ƙato tun yana tafiya a hankali, shi ne fiton nan da kuke ji idan tirela ta kama hawa. Ƙaramin inji mai silinda huɗu ba zai motsa shi ba sai an take totur har ƙasa. Idan kuma ya motsa, iska ta fi ƙarfin fetur, zafi ya yi yawa, fistin ya narke.

Duk na zayyana masa wannan. Na kuma tuna masa abin da shi da bakinsa ya gaya mini: ɗansa Bulus ya rantse duk ranar da motar nan ta mutu ba zai sake saya masa wata ba, zuwa zai yi ya ɗauke shi su koma Abuja. Gwiwar Baba ta lalace, da motar yake zuwa coci, da ita yake zuwa kasuwa. In babu ita, zaman gidansa ya ƙare.

Ya ce, "Na sani. Ni ba gudu nake nema ba. Tun da matata Saratu ta tafi gidan ya yi shiru, motar ma shiru. Fiton nan shi ya raka ni hanya duk ƙuruciyata. In ka ƙi, no wahala, akwai masu walda a bakin titi."

Na san abin da masu waldan bakin titi za su yi masa, don haka na karɓa ina ƙunƙuni. Na ƙera sabon bututun hayaƙi, na jawo wa turbon layin baƙin mai, na ƙara wa inji fetur gwargwadon iyawarsa. Sai da na matsar da batir zuwa but kafin bonet ya yarda ya rufu. Daga ƙarshe na ɗaura wani dogon noti a ƙarƙashin totur, yadda ko ya taka ba zai kai ƙasa ba.

Aikin ya ja kwanaki, kuma kullum sai ya hawo keke mai ƙafa uku ya zo ya zauna kan tsohuwar taya. Ya ba ni labarin hawan Jos da lodi, da yadda birki ya taɓa tsinke masa a gangaren Kagoro. Idan na tashi yin salla shi ke tsare mini rumfa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin kwanakin nan ƙwarai, har na riƙa fargabar ranar da zan ɗaure ƙusar ƙarshe.

Ranar gwaji muka zaga Kakuri. Mota ta yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin yashi, fito kuwa ko alama. Da muka dawo ya bar injin a silo, kamar yadda direbobin tirela ke yi don turbo ya huce kafin a kashe, alhali wannan ko ɗumi bai yi ba. Ya karkatar da kunne ya daɗe. Sannan ya murɗe makulli, ya yi mini godiya.

Bayan sati biyu ya kira ni da rana tsaka. Na same shi a miƙaƙƙen titin da ya wuce matatar mai, mota a gefen hanya, baƙin mai ya malale a ƙasa. Notin da na ɗaura yana ajiye a kan kujerar gefe. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Baba! Da hannunka ka kwance?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ya yi, Malam Garba. Daga waccan kwanar har nan yana yi. Na ji shi."

Na ɗaura igiya na jawo shi, yana riƙe da sitiyari a bayana har gareji. Da na buɗe kan inji, fistin biyu sun huje. A ƙarshen watan Bulus ya zo da motar kaya. Ya gaishe ni da ladabi, bai ga laifina ba, ya ce, "Oga, na san halin Dadi."

Abin da na koya shi ne, ba duk mai ƙona inji ne bai san inji ba. Baba ya fi ni sanin abin da zai biyo baya. Sana'armu ta koya mana kasa kunne ga inji har mu gane ciwonsa, amma ba ta koya mana abin da za mu yi wa mai motar da shiru ya ishe shi ba.

Yanzu yana Abuja, a wata unguwa mai doguwar katanga, inda ya ce ko akuya ba ta kuka. Yakan kira ni ranar Lahadi da yamma. Gaisuwar ba ta da tsawo. Sai ya ce, "Malam Garba, fita bakin titi." Ni kuma in ajiye sifana, in je in tsaya ni kaɗai, in ɗaga wayar sama har tirela ta wuce.