Malam Albasa da Darasin Naɗe Harshe

Idan ka shiga Kebbe ka tambayi Malam Sirajo, za a tsaya ana kallonka, don Sirajo ba ɗaya ba ne a garin. Amma ka ce Malam Albasa, har mai tallan ƙosai za ta nuna maka hanyar makarantarsu.

Mutumin Tambuwal ne, ɗan wani tela da ke bakin kasuwa. Uban ya so ya gaje shi a kan keken ɗinki, amma yaron tambaya ta yi masa yawa. Me ya sa ɗan akuya ke fitowa da zanen uwarsa? Me ya sa ƙanensa ya fi shi haske? Da tsohon ya gaji sai ya ce a bar shi ya je boko ya addabi waɗanda ake biya don su amsa. Haka ya yi karatun malanta a Sakkwato, aka turo shi wata ƙaramar sakandare a Kebbe yana koyar da kimiyya. Iyalinsa suna Tambuwal, duk ƙarshen mako yake hawa babur ya bi wannan hanya mai karya ƙugu ya je ya gan su.

Sunan Albasa kuwa a aji ya samo shi. Makarantar na da madubin likita, mai girmama ƙananan abubuwa, guda ɗaya tak, tsoho, sai an lallaba shi. Duk shekara idan aka zo darasin ƙwayar halitta, Malam zai zaro albasa daga aljihu, ya ɓare siririyar fatar nan ta ciki, ya ɗora, yara su yi layi suna leƙawa. Sai su ga ƙananan ɗakuna a jere kamar tubalin gini.

"Duk mai rai da irin waɗannan anka gina shi," in ji shi. "Bangon nan katangar gida ce. Ɗigon da ke tsakiya shi ne ɗakin maigida, nan aka ajiye gadon da kowa ya samo daga uwa da uba."

Gaskiya ya iya koyarwa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa bai saba da "ban sani ba" ba. Abin da ya kwafa a kwaleji shi ke nan, ya zauna daram. Da yaro ya kawo gardama zai buga allo ya ce, "Kimiyya ba ta ƙarya!" Yara har sun haddace, suna riga shi faɗa.

A shekarar da nake ba ku labari, cikin 'yan aji uku akwai Mu'minatu, 'yar Malam Halliru mai awon gero da matarsa Bashira. Ita kaɗai gare su. Yarinya ce mai kaifin kai, wadda idan Malam ya yi tambaya aji ya yi tsit, ita yake waiwaya ya duba.

Da aka zo darasin gado, Malam ya ce kowa ya fito da harshensa ya naɗe gefensa biyu ya yi kamar indararo. Kai, ranar aji ya kacame! Wasu suka iya, wasu suka yi ta yamutsa fuska a banza. Akwai tagwaye, Hassana da Usaina, masu kama kamar an tsaga kara. Hassana ta naɗe, Usaina ta kasa. Malam ya ce mata ta daina lalaci, ya wuce abinsa.

Sai ya kafa doka. Ya ce naɗe harshe gado ne, kuma idan uwa da uba duk ba su iya ba, ɗansu ba zai iya ba har abada. Ya ce kowa ya je gida ya gwada iyayensa. Ku ji fa! A ƙasar da fito wa babba da harshe gwalo ne, ka tura yara su ce wa ubanninsu su buɗe baki. Da yawa sun sha ranƙwashi a ranar.

Washegari ya bi su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Da ya zo kan Mu'minatu, wadda ta fi kowa iya naɗewa, ta miƙe ta ce, "Malam, Baba bai iya ba, Inna ma ba ta iya ba."

"Ba ki duba da kyau ba."

"Wallahi na duba, Malam. Har dariya sunka yi ta yi."

Da mai hankali ne da nan ya ja birki. Amma ina! Ya buga allo ya ce, "Ba ya yiwuwa. Kimiyya ba ta ƙarya."

Sai wani tsagera mai suna Gazali ya ɗaga murya daga baya: "To ke ɗiyar wa ce ke nan?"

Aji ya fashe da dariya. Shi ma Malam ya murmusa kafin ya tsawata. Murmushin bai daɗe ba, amma Mu'minatu ta gan shi, ta zauna ta sunkuyar da kai har aka tashi.

Magana zarar bunu ce. Yara suka kai ta gida, daga gida ta tafi bakin rijiya, ta tafi wurin injin niƙa. Kafin mako ya ƙare ta canza kama: wai malamin kimiyya ya auna ya gano Mu'minatu ba jinin Halliru ba ce. Kuma kowa ya san inda irin wannan magana ke nufa, kan mutuncin Bashira za ta sauka. Matar da ba a taɓa jin kanta da kowa ba, sai ga shi idan ta shiga gidan suna mata na yin shiru. Mu'minatu ta daina zuwa makaranta.

Ranar Asabar a Tambuwal, Malam ya ba matarsa Saudat labarin, yana neman ta ce ba laifinsa ba ne. Ita kuwa tana tsince shinkafa ta ce, "Ni abin da ban gane ba, tagwayen nan. Ba kai kake cewa masu kama ɗaya gadonsu ɗaya ne ba? To yaya ɗaya ta iya ɗaya ta kasa?"

Ya buɗe baki zai ce lalaci ne, sai ya tuna shi da kansa ya koyar da hakan. Ya ɗauki waya, da yake Tambuwal akwai sabis, ya shiga bincike. Bai sha wahala ba. Masana sun daɗe da warware wannan magana: naɗe harshe ba ya bin doka ɗaya miƙaƙƙiya, iyayen da ba su iya ba suna haifar ɗan da ya iya, wasu ma koyo suke yi. Tsohon kuskure ne yake ta maimaita wa 'ya'yan mutane shekara da shekaru yana buga allo. Kunya ta rufe shi har ya kasa haɗa ido da Saudat, abincin ma ya ture.

"Gobe ka koma ka faɗa musu," in ji ta.

Ya ce to. Amma fa bai je ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci masa rai har yau. Ya koma Kebbe ranar Litinin yana ce wa kansa bari ƙura ta lafa. Yaya Malam Albasa zai tsaya gaban mai awon gero ya ce abin da na koyar ba daidai ba ne? Ranar Laraba da hantsi har ya kai bakin lungun su Halliru, ya tsayar da babur, ya hango zauren, sai ya juya. Ya ce a ransa ai yau ba su nan, alhali ga takalma a ƙofa.

Sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya daure ya yi sallama. Halliru ya fito, dattijo mai furfura jefi-jefi, ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya gaishe shi da iyali da hanya da aiki. Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Malam ya duƙar da kai ya zayyana komai, ya ce kuskurensa ne, harshe ba ya nuna ɗan wa ko 'yar wa, kuma zai tsaya gaban makaranta duka ya faɗa.

Halliru ya murza gemu. Sannan ya ce, "Ashe ko da mu munka haife ta, tana iya naɗewa?"

"Ƙwarai kuwa."

"Allahu akbar." Ya ɗago ya dube shi. "Malam, ka makara."

Sai ya ba shi labari. Bashira ba ta taɓa haihuwa ba. Mu'minatu 'yar ƙanenta ce, makiyayi, can wajen Fakku. Uwar ta rasu wurin haihuwa, ƙanen ya ɗauko jaririyar ya sa wa yayarsa a cinya ya ce ta riƙe, shi ma bai daɗe ba ya bi matarsa. Da suka dawo Kebbe da zama yarinyar tana goye, ba wanda ya tambaya, su ma ba su yi shela ba.

"Ba ɓoye mata asali munka yi niyya ba," in ji Halliru. "Jira nika yi ta ƙara hankali, mu kira dangi daga Fakku, a zaunar da ita a faɗa mata cikin mutunci. To sai ga wanga zance. Matata ta bar fita, ta bar cin abinci. Yarinya ta tsare ni tana kuka, wai in gaya mata gaskiya ko abin da aka faɗi kan Innarta haka ne. Mi zan yi? In bar ta tana zargin matar da ta goya ta? Sai na faɗa mata. Na fita na faɗa wa maƙwabta."

"Yaushe?" Malam ya tambaya.

"Shekaranjiya Laraba, bayan azahar."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Malam Sirajo ya shige ya gode mata. Ya tuna takalman da ya gani a ƙofa da hantsin ranar. Ya so ya faɗa wa dattijon cewa ya zo ya juya, amma harshen nan nasa da ya saba da buga doka ya yi masa nauyi.

Daga cikin gida muryar mace ta taso, a dishe. Bashira ce, ta ji an yi baƙo. "Mu'minatu, kai wa malaminku ruwa."

Shekara goma sha huɗu yarinyar na amsa wannan kira da "Na'am, Inna." Malam ya ji motsin kwano, sannan ya ji ta amsa a hankali, cikin ladabi, ba fushi ba tsiwa.

"To, Gwaggo."

Halliru ya kawar da kai yana kallon bango. Mu'minatu ta shigo ta durƙusa ta ajiye kwanon a gaban Malam, ta gaishe shi kamar yadda ta saba, ta koma.

Ranar Litinin ya cika alkawari. Ya tsaya a filin taron safe ya ce shi ne ya yi kuskure, ya kira Usaina ma ya ba ta haƙuri a gaban kowa. Mu'minatu ta dawo makaranta, ta kuma ci jarrabawarta da kyau. Har yanzu Malam yana zuwa da albasa a aljihu, yara na layi suna leƙa madubi, sai dai ya daina buga allo, kuma ya koyi cewa "bari in bincika."

Lokaci-lokaci yakan haɗu da Bashira a hanya, ta gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa. Ya taɓa tambayar Halliru a kasuwa ko yarinyar ta koma kiran da ta saba. Dattijon ya ci gaba da share bakin tiya da hannu, ya ce tana yi mata komai, wanki da girki da biyayya, ba ta rage ko ɗaya ba. Inna ce dai har yau ba ta sake cewa ba.