Malam Isa Da Tauraruwar Da Bai Taɓa Ji Ba

Innalillahi. Da safen nan aka kira ni daga Yako, wai Malam Isa mai Fizis ya rasu.

Ina zaune tun ɗazu, shayi ya huce a gabana. Ko kuka ban iya yi ba.

Shi ya koyar da mu a sakandare a Kiru, farkon shekarun casa'in. In ka makara ya tarar da kai a hanya, goya ka zai yi a kekensa, yana tuƙi yana yi maka faɗa.

Abu ɗaya ya fi so a duniya, wasu matattun taurari biyu masu zagaya juna. Ɗaya tana aiko da bugu kamar agogo, sunanta pulsar. Ya ce masana sun yi lissafi: in ka'idarsu ta jan nauyi gaskiya ce, dole taurarin su riƙa matsowa kusa da juna a hankali. Suka yi shekaru suna sauraron bugun, sai ga lissafin ya fito daidai.

Don mu gane, sai ya fitar da ni da wani ɗan ajinmu Bello fili, ya ce mu riƙe hannu mu yi ta juyi, muna matsowa. Gudun ya ƙaru har muka zube, aji ya fashe da dariya.

Abokinsa Malam Hadi, mai makarantar allo, kullum sai ya tsokane shi: ka taɓa jin bugun nan da kunnenka?  Shi kuwa Malam Isa a mujalla kawai ya karanta, kuma na san abin yana cin ransa.

Bayan Sallar da ta wuce na je gaishe shi. Na sauke sautin pulsar a wayata, na kunna masa, na ƙure ƙarar.

Ashe kunnen ya riga ya tafi. Yana ta kallon bakina, bai ji komai ba.

'Yarsa Hajara ce ta karɓi wayar, ta manna masa a ƙashin bayan kunne. Ya rufe ido. Can sai na ga yatsansa yana motsi a kan gwiwa, yana bin bugun.

Ya ce, "Ɗana, ashe ba ƙarya na koya muku ba."

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajara da ƙannenta haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.