Kofi Bakwai a Gindin Mangwaro

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Yohanna, kuma har yau in na ji ƙugin jirgin sama sai na ɗaga kai kamar yadda yake yi. Shi ba kallo yake yi ba, sauraro yake yi ya ji ko injin lafiya yake.

Mutumin Wusasa ne. Yana saurayi ya tafi Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka koya masa aikin rediyo a cikin manyan jiragen nan masu inji huɗu da ke kai bama-bamai. Su bakwai ne a jirginsu, shi kaɗai ne baƙar fata. Tare suke ci, tare suke tashi. Wata rana zazzaɓin cizon sauro da ya tafi da shi tun daga gida ya kayar da shi, aka ɗauko wani ya zauna a kujerarsa. Jirgin ya tashi, bai dawo ba. Kafin Baba ya fito daga asibiti an sauya masa sansani, bai taɓa sanin sunan wanda ya mutu a madadinsa ba.

Da ya dawo ya kama aikin akawu a Kano, muka tashi a wani ƙaramin gidan gwamnati a Nassarawa GRA. Kowace shekara, in mangwaron tsakar gida ya nuna, akwai ranar da zai shimfiɗa tabarma da la'asar ya jera kofi bakwai, ya cika su da shayi. Sai ya taɓa kowane kofi ya kira suna. Shida suna da suna. A na bakwai sai ya ce, "Kai da ka zauna a kujerata." Daga nan ya raba shayin ga masu gadi da masu ban ruwan fulawa na layinmu. Malam Sule, mai gadin maƙwabtanmu, mutumin Jigawa, bai taɓa fashin zama kusa da shi ba.

Ni kuwa kunya abin yake ba ni. Ƙawayena suna zolayata wai babana yana shan shayi da fatalwar Turawa.

Da tsufa ya kama shi, ya kira ni ya ce, "Ladi, ɗauko biro ki rubuta sunayen nan."

Na ce, "To Baba, bari in gama makin takardun yara."

Ni ce fa malamar makaranta, mai tsare 'ya'yan mutane a rana don ba su rubuta aiki ba. Ya maimaita sau uku ko huɗu, ya gaji ya bari. Gani nake yi abin da na ji tun ina rarrafe ba zai taɓa fita daga kaina ba. Bayan jana'iza muka buɗe akwatin ƙarfensa, muka tarar gara ta mai da takardunsa ƙasa. Da na zauna in rubuta, huɗu kawai suka zo: Jak, Bil, Firedi, Aleks.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga wannan zamani. Yau ana kai bam da jirgin da ba kowa a cikinsa. Jikokina suna ragargaza gari a wasan wayar hannu suna shewa. Shi kuwa bai taɓa yin tutiya da yaƙin ba. In aka tambaye shi garuruwan da suka ƙona sai ya tashi ya shiga ɗaki. Sau ɗaya tak ya ce mini mutanen da ke ƙasa ma suna da masu jera musu kofi. Ina jin da yana raye da ya karɓe wayar nan daga hannun yaran, ba tare da faɗa ba.

Bana na kasa haƙuri, na nemi Malam Sule har unguwar Kaura Goje. Ya makance, ƙafa ta ƙi. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana ƙirga da yatsu.

"Akwai Dagalas," in ji shi. "Ɗayan kuwa, 'yata, shi ne mai bindiga a wutsiyar jirgi, wanda aka haifa wa 'ya mace bai gan ta ba. Sunan ya tafi. Ki yafe mini."

Shi ke neman gafarata, alhali ni aka ce in ɗauko biro. Na yi kuka a gaban iyalinsa har kunya ta kama ni.

An rushe gidanmu na GRA, an sare mangwaron, katanga ce doguwa a wurin. Baba bai bar mana lambar yabo ko hoto ba. Abin da ya bari sunaye shida ne da ya yi shekara kusan sittin yana riƙe da su shi kaɗai, na karɓa na yar da ɗaya. Jiya a gidana na Badawa na shimfiɗa tabarma na jera kofi bakwai, na sa jikokina suka rubuta suna biyar. A na bakwai na faɗi abin da Baba ke faɗa. A na shida na ɗora hannu, na jira, na jira, har shayin ya huce.