Sawu Bakwai a Tsakar Gida

Wata goma sha biyar ɗiyata ta yi a duniya ba ta taka ba. Ko rarrafen ma da gindi take ja. Sa'anninta da aka yi wa suna mako guda da ita, nan ƙauyenmu kusa da Gidan Sori, har sun fara bin awaki. Ni kuwa in ina yi mata wanka sai in matsa gwiwoyinta, in haɗa ƙafafun in gani ko ɗaya ta fi ɗaya. Ban yi nisa a lakol ba, wato makarantar boko, amma na ga yaran da ƙafa ta shanye, na san kamarsu.

Ga shi 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, balle ta nuna ta damu da shi. To wa zan tambaya? In na buɗe baki gaban uwar mijina, wadda muke ce wa Inna, sai a ce ba ni da kunya. Sai na riƙa goya ta tun safe har faɗuwar rana, don kada idon kowa ya tsaya kan ƙafafun nan.

Wata safiya da kaka, na share tsakar gida, na yayyafa ruwa, na ɗauki jarka. Inna ta ce, "Sauke mini yarinyar nan. Ga ruwa ga goyo, bayanki na ƙarfe ne?" Na sauke ba da son raina ba, na tafi famfo.

Da na dawo sai na ga sawu a kan damshin ƙasa. Ƙanana, yatsu a warwatse, daga tabarmar Inna zuwa turmi. Na ƙirga bakwai, sai wani faffaɗan gurbi inda aka zauna daɓas. Babu ɗan maƙwabta ko ɗaya a gidan. Mutuniyar tana kan tabarma tana tsotsar ɓawon wake, kamar ba ta san komai ba.

Bakina ya cika da tambaya, ba halin yi. Na ce na manta murfin jarka a famfo. Na fita, na zagayo bayan rumbu, na sa ido a ramin zana.

Inna ta ɗaga ludayin fura ta ce, "Taso, uwar ƙiwa. Motonki mai goya ki ya koma famfo, yau sai ƙafa."

Yarinyar ta fara ɗaga gindi sama. Ta saki ƙasa, ta buɗe hannuwa, ta taho tana rangaji kamar agwagwa, tana dariya da haƙoranta huɗu. Na cusa bakin mayafi a baki. Ƙafafuna suka kama rawa da kansu, ba kiɗa, ba mai kallo. Na juya, na sake juyawa, har na ture akurki, kaji suka watse da kuka.

"Wa ke bayan rumbu?"

"Ni ce, Inna. Murfi nake nema."

"Murfin yana kan jarkarki. Yau kwana huɗu tana tafiya, duk sanda kika shiga wanka. Ke ce ba ki sauke ta." Na ji tana danne dariya. "In kin gama neman, ki shigo. Ni ban ga komai ba."

Na goge ido, na ɗaure fuska, na shigo na wuce yarinyar kamar ban san ta ba. A ɗaki na ƙarasa rawar.

Yanzu kuma yarinyar ba ta zama. Jiya a bakin hanyar amalanke aka tsinto ta, riƙe da takalmin babanta. Don Allah, duk wanda ya shigo gidanmu, ya ja ƙyauren nan ya rufe.