Ranar da Shanu Sunka Kai Motata Garaji

Ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, amma na san mota tana cin esansi. Sai da na tsufa anka gaya mini tana shan iska kuma, har iri biyu, ta fari da ta biyu, kamar mai shan magani.

Ɗana da ke bida a Abijan ya aiko mini tsohuwar mota wadda Turawa sunka gama da ita. Kullum da safe in na tada ta, sai ta yi wani kuka kamar akuya ta ga wuƙa, ta ɗan jima ta yi shiru, sannan wata fitila rawaya ta kama a tablo, nan gaban sitiyari. Uwar yarana ta rantse ba ta shiga. Ga shi sunan jikarmu a Tamaske ya matso, ni kuma na riga na cika baki da uwar yaran zan sauka ƙofar surukai, tana zaune gaban mota.

Na tahi garaji a Madawa. Motar ta yi tsit kamar ba ita ba. Makanise ya jona wata na'ura da suke kira baliz, ya karanta.

"Baba, pompin iska ta biyu ne. Shi ke hura iska cikin hayaƙi don ya ƙone sarai."

"Hayaƙin da za shi waje? Wa ya kai ƙara?"

"Turawa, Baba. Amma sai moter, wato injin, na sanyi yake aiki. Kai kuwa ka kawo ta da zahi. Bar ta ta kwana."

Na dube shi, na dubi tarin ƙarafan da ke bayansa, kowane da motar da anka raba shi da ita. A garinmu mutum ba ya barin mota ta kwana garaji. Zaune kake gindinta har a gama. Na maida ta gida, ina tunanin yadda zan kai ta garaji ba tare da na tada ta ba.

Maƙwabcina, Kirista ne da ya tsufa yana gadi a asibitin mishan, ya ce, "Alhaji, mara lahiya ɗauko shi akai, ba shi ka kawo kansa ba." Ya ba ni aron shanunsa biyu. Da safe munka ɗaura igiya, na zauna riƙe da sitiyari cikin babbar riga, moter a kashe. Ban lura ranar kasuwa ce ba. Masu kabu-kabu na gaishe ni, "Alhaji, a rage gudu!"

A garaji makanise ya murza makulli, akuyar ta yi kukanta. Ya duba fizibil, ɗan abin da ke yanke wuta, lahiya. Ya zare tiyon iska ya leƙa, sai ga gidan zanzaro, ginin laka mai ɗakuna, ya toshe hanya. Ya zaƙule shi da waya, kuka ya tsaya, fitila ta mutu. Na tambaye shi ko baliz ta san zanzaro. Ya ce ba a sa shi ciki ba tukuna.

Ran suna na tada mota, ta tashi ba kukan akuya. Uwar yara ta hito da lulluɓinta, ta zagaya ta.

"Malam, wagga ce shanu sunka ja tsakiyar kasuwa?"

"An gyara ta."

"Labarin ya riga mu Tamaske. Ni ba ni sauka cikinta gaban surukai."

Ta shiga motar kasuwa. Na ɗaure ragon suna a kujerar gaba, na sauke mai gilashi, munka kama hanya.